Gatarin Kratos da tambayar da Kawu ya yi min

Ranar da na gama gem ɗin God of War Ragnarök karo na biyu muna Daura hutun babbar sallah, na jona PS4 ɗina a talabijin ɗin falon tsohuwa, janareta na ta ƙugi a tsakar gida saboda tun safe aka ɗauke wuta. Sai ga Kawu ya shigo gaida ita. Kawun nan nawa maƙeri ne, gado ya yi, ni kaina ina ƙarami na sha zama ina masa zuga har hannuna ya ƙage. Ya tsaya yana kallo na jefa gatari ya kafe a ƙirjin wani dodo, na danna botin ya dawo hannu, bai tambaye ni wane ne wannan mai gemun ba, bai tambayi mi ake faɗa a kai ba, cewa ya yi "Kai ɗana, wa ya ƙera masa wannan?"

Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don ita ce ainihin abin da ya sa nake son gem ɗin, kuma yawancin abokaina da muke bugawa a gidan gem a Katsina tsallake labarin suke yi su dai a kai su wajen bos.

Sunan gatarin Leviathan. Wasu maƙera biyu ne wa da ƙani, wadanni, Brok da Sindri, suka ƙera shi, kuma ba don Kratos, mai gemun nan jarumin gem ɗin, suka yi ba, matarsa Faye suka yi wa. Dalilin shi ne abin da ke taɓa ni. Su ɗin dai su suka ƙera wa Thor, gunkin tsawa, gudumarsa Mjölnir, aiki ne da suka zuba duk gwanintarsu a ciki, shi kuma ya ɗauka ya bi samudawan ƙasar Jötunheim yana kashewa kamar fari har ya kusa ƙarar da su. Abin ya tsaya wa maƙeran nan a rai. Ba su da ƙarfin da za su ƙwace gudumar, toh sai suka koma maƙera suka yi wani makamin da zai iya tsayawa gabanta, suka miƙa wa mace ɗaya daga cikin samudawan da suka rage. Wato gatarin nan ban haƙuri ne da aka yi da ƙarfe. Guduma tana tafe da tsawa da walƙiya, shi kuma ƙanƙara, duk abin da ya sara sai ya daskare. A farkon Ragnarök da Kratos da Thor suka gwabza makaman biyu suka haɗu sai walƙiya ta daskare a tsaye tsakiyar tafki, can gaba a ƙasar Vanaheim za ka tarar da wata daskararriyar walƙiyar irinta, a nan za ka gane ashe Faye ta riga mijinta karawa da Thor da wannan gatarin, ba ta taɓa gaya masa ba.

Da na bai wa Kawu wannan labari a taƙaice sai ya gyaɗa kai ya ce ai duk maƙerin kirki yana tuna wuƙar da ya ƙera, in ya ji an yi ɓarna da ita ba ya barci. Ya ce shi ya sa akwai mutanen da ko nawa za su ba shi ba zai wasa musu adda ba.

Ni Musulmi ne, na san duk zancen su Thor da ubansa Odin tatsuniyar mutanen arewacin Turai ce ta zamanin jahiliyyarsu, a matsayin tatsuniya nake kallonta kamar yadda muka tashi da Gizo da Ƙoƙi. Na faɗi wannan ne don akwai masu tambayata.

Sai wuƙaƙen nan biyu masu sarƙa, Blades of Chaos, waɗanda duk wanda ya buga na farko a PS2 tun 2005 ya san su. Ares, gunkin yaƙin Girkawa, ne ya ba Kratos su lokacin da ya sayar da kansa don ya tsira a fagen yaƙi, aka naɗe sarƙoƙin a damatsansa da wuta suka manne da nama, kuma da su ya kashe matarsa ta fari da ɗiyarsa bisa yaudara bai sani ba. A God of War na 2018 za ka yi awoyi kana bugawa ba ka gansu ba, sai dai tsumma da ya ɗaure hannuwansa da shi yana ɓoye tabon. Sai ɗansa Atreus ya kwanta ciwo rai a hannun Allah, Freya, matsafiyar da ya kai shi wurinta, ta ce maganin na Helheim, ƙasar matattu da sanyinta ya kai gatarin ƙanƙara ba zai yi komai ba a can, wuta ake buƙata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya shiga kwalekwale ya koma gida, a kan ruwan babu faɗa babu surutu sai sama da ta yi ja, ya ɗaga katakon ƙasan ɗaki ya ciro su naɗe a jan ƙyalle. Na ajiye pad a wurin nan na yi shiru, gaskiya idona ya kawo ruwa, don na san iyaye maza irin haka, masu abin da suka binne ba sa son 'ya'yansu su ji, amma in ciwo ya kama yaro ba abin da ba za su tono ba.

A wajen faɗa kam wuƙaƙen sun fi daɗi in taro ya yi maka yawa, suna share fili. Amma har yau in na danna na canza zuwa su sai in ji nauyi.

Mashin Draupnir shi ne na uku, a Ragnarök ta 2022 ya zo. Asalinsa zobe ne mai haihuwar kansa, a tsohuwar tatsuniyar duk dare na tara yana zubo da zobba takwas. An buƙace shi ne saboda Heimdall, ɗan Odin, wanda ke ganin niyyarka kafin ka kai duka, sai aka ce a yi makamin da zai yi masa yawa, ka jefa mashi wani ya fito a hannunka, ka jefa ka jefa, sannan ka buga gindinsa a ƙasa duk su fashe lokaci guda. Wata 'yar ruwa ce ta ƙera shi a ƙarƙashin ruwa a Svartalfheim, ƙasar wadanni, aka ɗiga jinin Kratos a kai. Brok ya daɗe yana burin ganin wannan gwanar, ya je gabanta yana ta magana ita ko kallonsa ba ta yi ba, don ba ta ganinsa. A nan ya gane ya taɓa mutuwa, Sindri ne ya je ya dawo da ransa amma kashi uku cikin huɗu kawai ya samo, ya kuma ɓoye masa. Cikin wannan karayar zuciya Kratos ya durƙusa ya miƙa masa mashin ya ce shi yake so ya sa masa albarka. Mutumin da ya kashe manyan gumakan Girka, ya sunkuya wa maƙeri.

Mu nan ai ba baƙon abu ba ne makami ya zama yana da suna da tarihi. Bayajidda sai da ya biya Gaya maƙera suka yi masa wuƙa kafin ya iso Daura ya sare kan macijin rijiyar Kusugu, rijiyar tana nan ana zuwa gani. A Katsina akwai Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau da kisan Sanau, yana cikin kayan sarauta har gobe. Sai dai mun riƙe sunan wanda ya riƙe takobin, na maƙeran Gaya kuwa ko ɗaya ban taɓa jin an ambata ba, kuma abin na damuna tun da na buga gem ɗin nan.

Ban gaya wa Kawu cewa Brok ya mutu daga baya ba, Odin ya soke shi da wuƙa yana sanye da kamannin Tyr, wanda suke zaton abokin tafiyarsu ne. Na dai mayar da gem ɗin baya na kai shi shagonsu ya ga uwar maƙera da masaba. Ya matso kusa da talabijin ya daɗe yana duba ƙotar gatarin, ya ce in juya masa ita ya ga inda ƙarfen ya shiga icen.