Tabarau Mai Nauyi da Kwarjinin Masu Kamfani

A watan Oktoban 2021 Mark Zuckerberg ya sauya sunan kamfaninsa daga Facebook zuwa Meta, yana alkawarin cewa nan gaba cikin duniyar kwaikwayo ta kwamfuta za mu riƙa aiki da hira, bayan ya sayi Oculus, kamfanin da ke ƙera tabarau na shiga wannan duniyar, kan kusan dala biliyan 2 tun 2014. Ni dai jawabinsa bai ratsa ni ba, domin ba shi da kwarjinin marigayi Steve Jobs na kamfanin Apple, wanda ya ɗaga iPhone a 2007 jama'a suka kwaɗaitu. To amma ko kwarjinin ba zai rage nauyin na'urar da ake ɗaurawa a fuska ba, wadda ke sa wasu jiri, balle ya sauko da farashin tabarau na Apple Vision Pro daga dala 3,499.