Na maida motata yadda kamfani ya yi ta, sai inji ya kama misin

Corolla ce 2010 'yar Kwatano, kuma tun ranar da anka buɗe bonet na gane mai ita na can Amurka ya yi mata gyare-gyare. Ya cire akwatin iyafilta, wato filtar iska, na asali ya sa irin buɗaɗɗen nan mai kan mazurari, ya canza salansa, ga ƙara kamar za ta tashi sama. Ƙila a can abin ya yi mashi amfani, amma nan Sakkwato da hunturu ya shigo ƙura ko cikin ɗaki bi ka take, balle filta da ke zaune a fili tana shaƙar zafin inji. Shi ya sa na samo akwatin asali na hannu da tiyonshi da salansa, anka maida komai mazauninshi.

Da safe na tada ta, sai rawa, inji na misin, wato wuta ba ta kamawa daidai cikin silinda. A silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, sitiyari na kakkarwa, salansa na tuf tuf, in na taka totur abin ya ɗan lafa, in na tsaya a danja ya dawo. Kan hanyar Bodinga wutar ceki ta fara ƙiftawa, nan take na sauka gefen titi, don wutar ceki mai ƙiftawa daban take da wadda ta tsaya cak, tana nufin ɗanyen mai na wucewa cikin salansa kuma zai iya ƙona indomi, abin nan da ke tace hayaƙi a jikin salansa, kowa ya san kuɗin indomi yanzu.

A gareji kowa da tashi fatawa. Wanga ya ce kwayil mai ba filogi wuta, wancan ya ce nozul mai fesa mai, wani ma har ya kai ga a buɗe tof silinda. Abin ga na ci mani rai wallahi, motar da jiya lafiyarta lau, ta yaya kwayil huɗu za su mutu dare ɗaya? Na ce ma maigarejin, Oga don Allah a sa mata kwamfuta tukuna kafin a saye ko kusa ɗaya. Duk motar da anka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jona kwamfuta da ake ce ma OBD2 ƙarƙashin sitiyari, ba wani aiki ba ne.

Lamba biyu ta fito, P0300 da P0171. Nan zancen yake. Da P0302 ce, ka san silinda ta biyu ce ke da matsala, sai ka musanya kwayil ɗinta da na ta uku ka share ka sake tadawa, in lambar ta koma P0303 to kwayil ne, in ta tsaya inda take ka duba filogi ko nozul. Amma P0300 na nufin misin ɗin yawo yake bai zaɓi silinda ba, ita kuma P0171 cewa take iska ta yi ma fetur yawa. Injin fetur na son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, kuma sansa MAF da ke jikin akwatin filta ita ke auna iskar ta gaya ma birenbos, wato kwamfutar motar, ya san man da zai zuba. Duk iskar da ta shiga bayan an wuce sansar nan ta ɓarauniyar hanya ta shigo, birenbos bai san da ita ba, sai ya zuba mai kaɗan wuta ta ƙi kamawa daidai. A silo iskar da inji ke ja kaɗan ce shi ya sa ƙaramar kafa ke yin ɓarna sosai, in ka taka kuma ta ɓace cikin yawa.

Munka bi wuraren da hannu ya taɓa kawai. Filogi dai irin na asali ne, iridiyam, gibinsu wajen milimita 1.1, lafiya. Soket na sansa ya shiga. Ƙaramin tiyon da ke tasowa daga murfin bawul yana wurinshi. Sai yaron gareji ya cire babban tiyon nan na hannu ya lanƙwasa shi a rana, ashe ta ƙasa cikin lanƙwasar ya tsage kusan tsawon yatsa, daga sama ba ka ganin komai, sai inji ya motsa yake buɗe baki. Anka sa wani, anka wanke sansa da abin fesawa nata, anka share lambobin. Ta ɗan yi jinkiri kafin silo ya zauna don birenbos na sake koyo, daga baya tsit.

Wanda tashi motar anka yi ma birenbos tunin, wato anka canza mashi manhaja, ko anka sa mata manyan nozul, ya sani maida ƙarfe kaɗai bai isa ba, dole a maida manhajar kamfani ita ma, in ba haka ba lissafin tsohon kaya zai ci gaba da yi da sabon kaya. Masu turbo kuma su duba filogi, don masu tunin kan sa irin filogin da ake ce ma mai sanyi su matse gibin. Kuma in za ka saye tiyon roba na hannu a garin ga da rana ke gasa komai, matsa shi ka lanƙwasa tun gaban mai shago.