Sa hannun da na ƙi yi a ɗakin gwajin magungunan Ayurveda

Na ajiye aikina a ɗakin gwajin magunguna da ke Indiya, kuma tun da labarin ya bazu abokan karatu ke ta tambayata dalili. Wasu sun ce albashi ne, wasu sun ce kewar gida. Ba ko ɗaya daga ciki. Na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta, musamman saboda ƙannenmu da ke shigowa ƙasar nan karatun sinadarai da harhaɗa magunguna, domin da yawansu irin wannan wurin ne zai fara ɗaukarsu aiki. Ba zan kama sunan wurin ba, ba kuma zan kama na ogana ba. Waɗanda suka sani sun sani.

Ɗan gida idan ya ji an ce Ayurveda, wato maganin gargajiya na Indiya, saiwa da ganye da sassaƙe ne ke zuwa masa a rai. Akwai su, kuma su suka fi yawa. Amma akwai wani reshe da ake kira rasa shastra, inda da gangan ake shigar da zaiba, dalma, zinariya, baƙin ƙarfe, tagulla da duwatsu masu asenik cikin magani. Ba a ɓoye suke yi ba, a rubuce yake cikin littattafansu tun ɗaruruwan shekaru. Sai a zafafa ƙarfen a riƙa tsoma shi cikin man riɗi, da nono mai tsami, da fitsarin saniya, da ruwan ganyayyaki, wannan shi ne shodhana, wato tsarkakewa. Daga nan a niƙa, a cura ƙanana, a rufe cikin kasko biyu a liƙe bakin da yumɓu, a binne cikin busasshen kashin shanu a cinna wuta. A sake, a kuma sakewa, har ƙarfen ya koma toka. Tokar ita ce bhasma.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijon vaidya, wato mai maganin Ayurveda, yana duba tasa. Ya ɗebi kaɗan ya murza tsakanin babban yatsa da manuniya, ya nuna mini yadda ta shige cikin zanen fatar yatsun har ta cike su. Ya barbaɗa a kan ruwan da ke kwance cikin ƙoƙo, ta tsaya a sama ba ta nutse ba, ya ɗora mata ƙwayar shinkafa, ita ma ta zauna. Sannan ya fita da ita rana yana neman ƙyalli, domin in akwai ƙyalli to ƙarfen bai gama mutuwa ba, sai a mayar da shi wuta. Mutumin nan ya san aikinsa, kuma na girmama shi. Sai dai duk gwaje-gwajen nan laushin garin suke aunawa da kammaluwar ƙuna. Babu wanda a cikinsu zai gaya maka nawa ne nauyin dalmar da ke cikin cokali guda. Wuta tana sauya wa dalma kamanni da abokin haɗi, ba ta fitar da ita daga cikin tokar.

Wannan giɓin shi ya samar wa irinmu aiki. A wani bincike da aka wallafa a 2004, Robert Saper da abokan aikinsa sun sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan yankin Boston na Amurka, suka samu dalma ko zaiba ko asenik a cikin 14. A wanda suka wallafa a 2008 sun gwada guda 193 da aka saya ta intanet, kusan kashi 21 cikin ɗari suka fito da ƙarafan. A cikin na rasa shastra abin ya kai kusan kashi 41, a cikin waɗanda ba nasa ba kuma kashi 17. Wannan kashi 17 ɗin ya fi damuna, domin su ne mutum ke sha da zaton ganye ne zalla. Kuma waɗanda aka haɗa a Amurka ba su fi na Indiya tsabta ba, don kada wani ya ce matsalar ƙasa ɗaya ce. Daga farkon 2006 gwamnatin Indiya ta wajabta gwajin ƙarafa masu guba ga magungunan ganye zalla da za a fitar waje. Kundin ƙa'idojin magungunan Ayurveda na ƙasar ya sa iyaka: dalma kashi 10 cikin miliyan, asenik 3, zaiba 1, kadmiyam 0.3. Takardar shaidar da muke bugawa ita ce ke buɗe wa kwantena ƙofar tashar jirgin ruwa.

To ga abin da ya faru. Wani babban kwastomanmu ya aiko da ƙwayoyin maganin ciwon gaɓoɓi da zai fitar waje. A jikin kwalin ganyayyaki ne kawai aka jera, ba a ambaci ko da bhasma ɗaya ba. Na niƙa, na auna rabin giram cikin kwalbar Teflon, na zuba asid ɗin naitirik, na sa a maikurowef kamar yadda tsarin aikinmu ya tanada. Da ya huce na buɗe, ruwan ya yi garau, amma a can ƙasa ga wani gari ja jawur, ɗan mitsitsi, ya kwanta a gefe. Saura a ƙasan kwalba ba baƙon abu ba ne, yashin da ya biyo saiwa daga gona yakan rage, amma shi fari ne ko toka-toka. Tsarin aiki ya ce a tace a zubar. Na tace, na kai ruwan ga na'urar ICP-MS mai auna yawan ƙarafa, komai ya fito ƙasa da iyaka. A takarda magani ya ci jarrabawa.

Jan garin nan ne ya hana ni sakat. Na san rasa sindura ja ce, kajjali baƙa ce, kuma dukansu zaiba ce haɗe da farar wuta. Na kuma san wannan haɗin ba ya narkewa da kyau cikin naitirik shi kaɗai, sai an gama shi da haidurokulorik, kashi uku na haidurokulorik da kashi ɗaya na naitirik. Na ɗebo wani rabin giram daga garin da na niƙa, na narkar da shi da haɗin asid biyun, kwalba ta fito tas babu saura. Zaibar da na'ura ta karanto ta ninka iyaka nesa ba kusa ba, har sai da na tsinka ruwan kafin ta karantu daidai, na kuma ɓata lokaci ina wanke bututun na'urar domin zaiba tana maƙalewa. Na gwada ruwan asid zalla, babu komai a ciki. Na gwada samfurin da aka san adadinsa, ya fito daidai. Na buɗe wata kwalbar daga cikin kwalin na maimaita, abu ɗaya ne.

Na kai wa oga sakamako biyun tare. Ya duba na farko, ya duba na biyu, ya ture na biyun gefe, ya ce wa ya ba ni izinin fita daga tsarin aiki. Na ce, “Sa, tsarin an rubuta shi ne domin ganye, wannan kuma akwai abin da ba ganye ba a ciki.” Ya ce irin wannan zaibar hanji ba ya tsotsar ta, wucewa take yi, mutanensu sun yi ƙarnoni suna sha, ni baƙo ne ban fahimci al'adar ba. A maganarsa akwai ƙanshin gaskiya, kuma na faɗa masa haka: zaibar da ke ɗaure da farar wuta ba ta shiga jini kamar sauran nau'o'inta. Amma iyakar da doka ta sa ta jimillar zaiba ce, ba ta ware wani nau'i ba. Mai ciwon gaɓoɓi kuma wata da watanni yake shan magani, galibi tsoho ne, ƙodarsa ta riga ta gaji. Sannan kwalin ya ce ganye ne zalla. Ko dai an buga ƙwayar da injin da aka buga maganin rasa ba a wanke ba, ko an ƙara ne don maganin ya yi ƙarfi. Ko wanne ne, mai saye bai san da shi ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga sabon samfur daga kamfanin, lambar rukuni ɗaya, amma launin ƙwayar ya fi haske. Wannan ko da asid biyun ma tsaf ya fito. Aka buga takardar shaida a kansa, aka ajiye mini a kan tebur in sa hannu a gurbin mai gwaji. Na ce zan sa, idan za a rubuta cewa samfur na biyu ne, kuma na farko ya faɗi. Oga ya ce ba a yin haka. Na ce to ni ma hannuna ba zai hau ba. Wani ya sa.

Ba a kore ni ba, kuma da korar aka yi da ta fi mini sauƙi. An ɗauke ni daga kan ICP-MS, na'urar da ni na tsara mata jadawalin kulawa, aka mayar da ni auna danshi da toka, aikin da ake ba wa ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki. A taron mako oga ya ce akwai masu ɓata asid mai tsada a kan gwajin da ba wanda ya sa su, bai kama suna ba, kowa ya juyo ya kalle ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne binciken ashwagandha, wani tsiro da ake magani da saiwarsa. Ni na yi zaman faranti bayan faranti na HPTLC, gwajin da ke ware sinadaran tsiro su fito a matsayin zane a kan faranti, a kan saiwoyin da muka sayo daga kasuwar Neemuch ta jihar Madhya Pradesh, ni na daidaita hanyar HPLC ɗin da ake auna yawan sinadaran da ita. Da takardar ta fito, sunana yana can ƙasa cikin godiya, tare da direban da ya kai mu kasuwa. Har yau in na tuna sai na ji abin a maƙogwarona, kuma ban ga dalilin da zan ce na manta ba.

Wani dattijon ma'aikaci da muke kira Bhaiya ya ja ni gefe ya ce, ƙanena, kai baƙo ne, bizarka a hannunsu take, me ya kai ka? Don Allah ya faɗa, kuma na gode masa. Abin da bai sani ba shi ne ni ɗan Zamfara ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, 'Yargalma, Bagega. Iyaye suna niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar tana sauka a kan tabarma da kwanon tuwo, yara suna rarrafe a kai, kuma ba wanda ya ga wani abu a ƙurar nan da ya bambanta ta da ta kullum. Da yara suka fara suma da jijjiga, zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau aka fara zato, sai da aka auna jini da ƙasa gaskiya ta fito. Zaibar ma na san ta tun a gida, da ita masu haƙa ke kama zinariya su ƙona a fili. Ƙarfe mai guba ba shi da ɗaci, ba shi da wari, mai gwaji ne kaɗai ke ganinsa. Wanda ya taso a inda aka binne yaran nan ba zai iya tace jan gari ya zubar ya tafi cin abinci ba.

Daga wannan rigimar na riƙe abu biyu. Sakamako ba ya wuce ingancin narkarwa, duk tsadar na'ura abin da ya shiga ruwa kawai take gani, saboda haka ka leƙa ƙasan kwalbarka kafin ka tace. Wanda kuma ya ƙona samfur a tanda mai zafin digiri 500 sannan ya ce zai auna zaiba, ta riga ta bi iska, domin a digiri 357 take tafasa. Na biyu, samfurin da kamfani ya zaɓo da hannunsa kamar hatsin saman buhu ne da mai sayarwa ke ɗebo maka a kasuwa. Takardar shaida tana magana ne a kan abin da aka kawo, ba a kan abin da ke cikin kwantena ba.

Sauran darussan ba su zo da zafi haka ba. Saiwar ashwagandha ake so, amma ganyenta ya fi araha kuma ya fi yawan withaferin A, don haka idan garin da aka ce na saiwa ne ya nuna wannan sinadarin fiye da kima, a duba ko an cakuɗa ganye. Sassaƙen ashoka na gaskiya, Saraca asoca, da ake yi wa mata magani da shi, ya yi ƙaranci, sau da yawa na Polyalthia longifolia ake kawowa a madadinsa, doguwar bishiyar nan siririya da ake jerawa a bakin katangar gidaje a Abuja da Kaduna. Brahmi suna ɗaya ne a kan tsiro biyu, shankhpushpi kuma a kan huɗu, saboda haka kada ka fara gwaji sai ka san wane tsiro ne a gabanka. A 2021 da likitoci a Mumbai suka ba da rahoton lalacewar hanta ga masu shan wani tsiro da ake kira giloy, ma'aikatar AYUSH mai kula da maganin gargajiya a Indiya ta ce wataƙila an rikita shi ne da ɗan uwansa Tinospora crispa, aka yi ta ja-in-ja a kan abin da tantance tsiro tun farko zai rage.

Sinadari ɗaya da ake aunawa a matsayin alama ba ya tabbatar da magani, ana iya sayensa a zuba, dukkan zanen farantin za ka duba.

Teburin danshi da aka jefa ni ma ya koya mini abu: gari mai danshi a damina shi ke yin fumfuna, daga nan aflatoksin, gubar da fumfuna ke fitarwa, kuma rukunin da na tsayar a can sun fi waɗanda na tsayar a kan babbar na'ura yawa.

Ka rubuta komai da biro a littafin da ba a cire masa shafi, da kwanan wata, ranar da ka yi shi. Nawa shafin na jan garin yana nan a littafin ɗakin gwajin da sa hannuna, ba wanda ya isa ya goge.

Ga masu tura mini hoton kwalaben Indiya da suka saya a Sabon Gari ko ta waya suna tambaya ko su sha: ku juya bayan kwalin, in kun ga bhasma, ko rasa, ko sindura, ko parada, ko naga cikin jerin abubuwan da aka haɗa, to mai yiwuwa da ƙarfe a ciki, kada a ba yaro ko mai juna biyu ko mai ciwon ƙoda. In babu lambar NAFDAC ku ajiye shi. In ma akwai, ku sani rajistar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka rubuta a jikinsa, kuma wanda ya daɗe yana sha ya gaya wa likitansa sunan maganin, ya tafi masa da kwalin.