Tsakuwar da ta durƙusar da ni

Makon jiya ina ban ruwan albasa a fadamarmu ta wajen Ringim, sai wani ciwo ya soke ni a kwiɓin hagu, ya gangaro har mara. Na durƙusa a bakin kwami, gumi sharkaf. Da na zaga, fitsarin ja-ja kamar ruwan zoɓo.

A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce tsakuwa ce ta baro ƙoda, ta maƙale a siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara. Ya dunƙule hannunsa, wai girman kowace ƙoda ke nan, amma su biyun kan tace ruwan jini kusan lita 180 a kullum. Kusan duka yana komawa jiki, abin da ke fita bai wuce lita 1 zuwa 2 ba.

"Malam, kana shan ruwa kuwa a gona?"

Na yi tsuru-tsuru. Ni da nake wuni ina shayar da albasa!

Bayan kwana uku tsakuwar ta fito, ko ƙwayar dawa ba ta kai ba. Uwargida ta ƙulle ta a leda, duk wanda ya zo dubiya sai ta kwance masa ya gani.