Tankin murjani a Gombe: zafi, wuta da ruwa tukuna

Tunda na sa hoton tankina na kifin teku da murjani saƙonni ke ta shigowa, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce, ina ka samo kifayen nan, nawa ka saya. Zan zo kan wannan insha Allah, amma kifi shi ne na ƙarshe a lissafi, duk wanda ya fara da sayen kifi a garin nan wallahi kashe su kawai zai yi. Abun da ke riƙe da tankin ruwan gishiri a Gombe shi ne zafi, wutar lantarki, da irin ruwan da ka zuba.

Tankina tsawonsa santimita 150, faɗi 60, zurfi 60, lita 540 kenan, sai wani ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa cikin kabad inda injina suke. Mutane na ɗauka ƙarami ya fi wa ɗan koyo sauƙi, toh ba haka ba ne, ruwa mai yawa ba ya saurin ɗumi, gishirinsa ba ya saurin hawa, in wani abu ya fara lalacewa kana da lokacin ganewa. Sai dai nauyi fa. Lita ɗaya na ruwan teku ya ɗan haura kilo ɗaya, ka haɗa da gilashi mai kaurin milimita 12, duwatsu, yashi da tankin ƙasa, ana maganar wajen kilo 800, kamar buhun siminti 16 ne jibge wuri guda. Shi ya sa a ƙasa na ajiye shi ba a bene ba, kuma na ce wa mai walda, "Malam don Allah ƙarfe mai kauri, kar ya karkata ko kaɗan, sannan a sha shi da fenti," saboda gishiri na cin ƙarfe sosai. Gam ɗin gilashin ma sai silikon na tankin kifi, wanda ake sa wa a banɗaki galibi akwai maganin funfuna a ciki, guba ne ga kifi da murjani.

Yanzu maganar zafi, nan ne nake so a saurara da kyau. Murjani dabba ne, ba dutse ba ne ba kuma fure ba. A cikin namansa akwai wata irin gansakuka ƙanana da ido ba ya gani, ita ke amfani da haske ta haɗa masa yawancin abincinsa, ita ke ba shi mafi yawan launinsa. Ruwan da yake so digiri 25 zuwa 26 ne. In zafi ya wuce abun da ya saba ya kuma daɗe a haka, sai ya kori gansakukar nan daga jikinsa, ya koma fari fat, in abun bai sauka ba yunwa ta kashe shi. Haka ya faru a babban gandun murjanin Ostireliya a 2016 da 2017, ya sake faruwa a 2024, kuma a can teku ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da aka saba, in ya yi makonni, ya isa ya jawo wannan. Toh ka duba Gombe a Maris da Afrilu da rana ke kusan kai 40, ɗaki a rufe, ga fitilu da injina su ma suna ƙara wa ruwan ɗumi. Ba yadda za a yi sai da abun sanyaya ruwa. Ni na haɗa biyu, injin sanyaya ruwa da ake kira cila, da ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan. Fankar nan kar ku raina ta, da rani iskarmu a bushe take, ruwa na tashi sama da sauri yana tafiya da zafi, tana sauke ruwan sosai, amma da damina ta shigo iska ta jiƙe aikinta sai ya ragu. Ita cila kuma kar a kulle ta cikin kabad, zafin da ta zuƙe daga ruwa ta baya take fitar da shi, tana son iska. Da hunturu kuma akasin haka, daren Disamba da Janairu sai da hita.

Duk waɗannan wuta suke ci, kuma mun san halin da ake ciki. In injin tura ruwa ya tsaya iskar oksijin ta fara raguwa kenan, ruwa mai ɗumi kuma dama bai riƙe ta da yawa, cikin 'yan awoyi za ka ga kifi a sama yana haki. Don haka na ware wa injin da ke dawo da ruwa daga tankin ƙasa da mai kaɗa ruwa layinsu daban a kan inbata da batir da sola, ba ruwansu da firij ko talabijin. Fitila in ta mutu kwana ɗaya ko biyu murjani zai jure, ai a teku ma ana hadari. Motsin ruwa ne ba ya jira. Gaskiya kuɗin da ya tafi a wuta ya fi na tankin kansa, kuma wanda bai shirya wannan ba shawarata ya dakata tukuna, rai ne za ka ɗauko daga nesa ka sa a hannunka.

Sai ruwa. Na famfo da ke zuwa daga Dadin Kowa an sa masa kulorin don mu sha lafiya, na burtsatse yana ɗauke da ma'adanan ƙasa, na 'yan ga-ruwa kuma ba ka san me jarkar ta taɓa ɗauka ba. Duk sai sun bi ta injin tacewa na RO, irin na masu fiya wata amma ƙarami, da matatar DI a bayansa mai kwashe sauran ma'adanan da suka rage, har sai ma'aunin TDS, mai auna abun da ya narke a ruwa, ya nuna sifili. Gishirin kuma ba na miya ba, akwai nasa na musamman da aka haɗa da kalsiyam da magniziyam da sauran abun da murjani ke gina ƙashinsa da shi. Wajen giram 35 a kowace lita, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 ko 1.026, cikon farko kaɗai ya ci fiye da kilo 20. Abu ɗaya da ya kamata kowa ya haddace: ruwan da ya ƙafe ruwa ne zalla ya tafi, gishirin yana nan, saboda haka da ruwan RO mara gishiri ake cikawa. Da hunturu kullum sai an cika, ga ƙura da ke sauka a saman ruwa, dole a riƙa rufe taga. Kar a sa famfon tagulla ko wani abu mai jan ƙarfe a hanyar ruwan, jan ƙarfe na kashe murjani da dodon koɗi ko da ɗan kaɗan ne. Maganin sauro na feshi da fiya-fiya kuwa an hana su shiga ɗakin kwata-kwata, don akwai injin kumfa da ake kira sikima, yana zuƙar iskar ɗaki yana cakuɗa ta da ruwa don ya kwashe datti, duk abun da ke cikin iskar cikin tanki zai ƙare. Uwargida ma mun yi magana, turaren wuta ya koma ɗaya falon. In ka buɗe kofin sikimar nan ka ga baƙin ruwa mai kauri mai wari da ya tara daga tankin da kake gani garau, za ka gane amfaninsa.

Bayan an zuba ruwa da yashi da duwatsu sai jira, mako 4 zuwa 6 ba kifi ko ɗaya. Ana jiran bakteriya su zauna a jikin duwatsu, masu mayar da amoniyar kashin kifi zuwa naitirait, wasu kuma su mayar da shi naitiret mai sauƙin guba. Kana gwadawa har amoniya da naitirait su koma sifili. A tsakani wata ƙasa-ƙasar gansakuka za ta lulluɓe yashin, kar hankalinka ya tashi, tana wucewa.

Murjani mai laushi na fara sawa, irin mai kama da naman kaza da mai kama da fata, sun fi haƙuri. Ranar da Hajiyarmu ta zo ta tsaya gaban gilashin ta ga wani da ya dunƙule ya fara buɗe 'yan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yana bin ruwa, ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, wai da ransa? Ikon Allah." Sai da aka kawo mata kujera. Masu ƙashi irin su Akrofora a bar su sai tanki ya shekara, suna son kalsiyam wajen miligiram 420 a kowace lita da haske mai ƙarfi ba tangarɗa. Akwai kuma wasu masu kama da 'yan furanni, zowantid da palitowa, wasunsu na da guba mai haɗari ƙwarai, safar hannu da tabarau dole ne, kar a bar yara su sa hannu, kuma kar a kuskura a tafasa dutsen da suke kai, tururin na kai mutane asibiti.

Toh maganar inda ake samu. Ta Legas nawa suka zo, a jirgi, cikin leda mai oksijin a kwalin kumfa. Ka tambayi mai sayarwa ko kifin haifaffen tanki ne, musamman ɗan ruwan lemon nan mai ratsin fari da yara ke so, ana kiwonsa sosai yanzu kuma ya fi juriya. Wasu masunta a Filifin da Indunusiya da gubar sayanaid suke sumar da kifi su kama, tana kashe murjanin wurin, shi kifin ma sau da yawa ba ya daɗewa. Murjani mai ƙashi kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka yi kan cinikin halittun da ake gudun ƙarewarsu, sai da takarda ake tsallake iyaka da shi, ka nemi ka gani. Kar ka yi oda a Afrilu, bari sai gari ya yi sanyi, ka je filin jirgi da kanka da mota mai esi. In sun iso a saba musu da ruwanka a hankali, sannan sabon kifi ya yi wajen wata guda a wani ɗan tanki daban kafin ya shiga babban, saboda ciwon fararen ɗigo in ya shiga tankin murjani ba ka da damar zuba maganinsa, maganin da jan ƙarfe ake yinsa.