Manhajar da ta koyi zargin talaka a Holan

A ranar 15 ga Janairun 2021 Firaministan Holan, Mark Rutte, ya sanar da murabus ɗin gwamnatinsa baki ɗaya, saboda abin da hukumar haraji ta yi wa dubban iyaye a kan tallafin rainon yara. Na daɗe ina bibiyar wannan badaƙala, kuma a ganina ba a taɓa samun abin da ya nuna ƙarara dalilin da bai kamata a bar zancen ƙirƙirarriyar basira a hannun injiniyoyi kaɗai ba kamar ita.

Tun 2005 gwamnatin Holan take taimaka wa iyaye masu aiki da kuɗin gidan rainon yara. A wancan lokacin hukumar haraji ce ke biya, kuma tun kafin lokaci take bayarwa, sai daga baya a zauna a yi lissafi. A 2013 aka bankaɗo wasu 'yan Bulgeriya da ke zuwa su yi rajistar adireshi na ɗan lokaci, su karɓi wasu tallafin gwamnati, su koma gida. Jaridu suka yi ca, 'yan majalisa suka fusata, aka umarci hukumar ta matsa lamba. Cikin matakan da ta ɗauka har da wata manhaja mai koyo da kanta, wadda ke ba kowace takardar neman tallafi maki gwargwadon yadda take ganin akwai alamar maguɗi. An horar da ita da tsofaffin fayiloli waɗanda ma'aikata suka riga suka ware, wannan daidai ne, wancan akwai matsala. Daga cikin abubuwan da take dubawa akwai ko mutum ɗan ƙasar Holan ne ko a'a. Masu ƙaramin albashi ma sun fi samun maki mai yawa. Fayil ɗin da makinsa ya hau sai ya sauka a teburin ma'aikaci, ba tare da an gaya masa dalilin hawan ba. Shi dai an ce masa akwai laifi a ciki, ya nemo.

Wanda aka aika neman laifi kuwa ba ya dawowa hannu rabbana. Sa hannu guda ne ya ɓace, ko uwa ta makara wajen biyan nata kason na kuɗin rainon, sai a ce ta dawo da duk abin da ta karɓa, wani lokaci na shekaru da dama, dubun dubatar Yuro. Kowa a Holan ya san shuɗin ambulan ɗin hukumar haraji. Ka kwatanta a ranka matar da ke aikin share-share da asuba, ta buɗe shi a ɗakin girki, ta ga bashin da ya ninka albashinta na shekara. Idan kuma aka liƙa mata tambarin cewa da gangan ta yi, ba a yarda ta biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinta. A riƙe albashi, a ƙwace mota. Wasu sun rasa muhalli, aure ya mutu. Da wasu iyayen suka nace sai sun ga fayilolinsu, sai aka miƙa musu takardu an shafe layi bayan layi da baƙin tawada. Ƙiyasin farko ya ce iyalai kusan 26,000 ne abin ya shafa, daga baya adadin ya haura haka.

A ajin nazarin zamantakewa da nake koyarwa, a nan nake tsayar da labarin in tambayi ɗalibai: me manhajar ta koya? Injiniya zai auna ko tana hasashe daidai da abin da ke cikin tsofaffin fayiloli, kuma mai yiwuwa ya same ta tana yi. Mu kuma tambayarmu ita ce wa ya ware fayilolin nan tun farko, kuma su wa ya fi sa wa ido. Idan ma'aikata sun daɗe suna tsananta bincike a kan masu baƙin suna, to a wurinsu za a fi samun kurakurai a rubuce, ba don sun fi kowa kuskure ba. Manhajar ta ɗauki wannan ta mayar da shi ƙa'ida, ta ƙara turo irin waɗannan fayiloli, aka ƙara samun kurakurai, zargin ya yi ta ciyar da kansa.

Mai nazarin tarihi kuma zai ƙara da abin da babu shi a cikin lissafin. Holan da kanta ta gayyato ma'aikata daga Turkiyya bisa yarjejeniyar 1964, da Moroko bisa ta 1969, don su yi aiki a masana'antunta. Suriname kuwa tana ƙarƙashin mulkinta har 1975. 'Ya'ya da jikokin waɗannan mutane da yawa a Holan aka haife su, suna riƙe da shaidar ƙasa biyu, kuma ɗan asalin Moroko ko ya so ajiye tasa da wuya ya iya. Wato abin da hukumar ta ɗauka alamar haɗari, tarihin ƙasar ne da kansa. A Disamban 2021 hukumar kare bayanan jama'a ta Holan ta ci hukumar haraji tarar Yuro miliyan 2.75 a kan yadda ta yi amfani da bayanan ƙasar mutane, a 2022 kuma gwamnati ta amsa da bakinta cewa akwai wariyar launin fata da ta ratsa tsarin aikin hukumar.

Ba na cikin masu ɗora wa na'ura laifin duka. Majalisa ce ta yi doka mai tsauri, kuma babbar kotun da ke sauraron ƙararrakin gudanarwa ta yi shekaru tana goyon bayan ƙa'idar a dawo da komai, sai a Oktoban 2019 ta sauya matsayi. Abin da manhajar ta ƙara shi ne sauri da kuma mafaka. Ma'aikaci zai ce kwamfuta ce ta zaɓo, shugabansa zai ce doka ce, sai mai kuka ya rasa fuskar da zai kalla ya tambayi dalili. Wannan shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin mutum yakan iya jure hukunci mai zafi idan an zaunar da shi an saurare shi, amma waɗannan iyayen shekaru suka yi ana ɗaukarsu maƙaryata.

Waɗanda suka tono gaskiyar ma ba masana kwamfuta ba ne. Wata lauya ce a birnin Eindhoven, Eva González Pérez, ta lura cewa kusan duk waɗanda aka yanke wa tallafi cikin masu zuwa wurinta 'yan asalin wasu ƙasashe ne. Sai 'yan majalisa biyu daga jam'iyyu mabambanta, Pieter Omtzigt da Renske Leijten, da 'yan jarida daga jaridar Trouw da gidan talabijin na RTL, suka ƙi sakin maganar. Aikinsu shi ne zama da iyaye ɗaya bayan ɗaya, da karanta takardu, da yarda cewa talaka yana iya zama mai gaskiya ko da kwamfuta ta ce akasin haka. Rahoton kwamitin majalisa ya fito a Disamban 2020, aka yi alƙawarin diyyar Yuro 30,000 ga kowane iyali, sannan gwamnati ta sauka.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Najeriya muna da rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda ake amfani da ita wajen rabon tallafin kuɗi, ana kuma haɗa sunaye da lambar NIN. Duk inda aka tara bayanan miliyoyin talakawa wuri guda, ba a daɗewa wani zai zo da manhajar da za ta tace su. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukuncin da zai taɓa rayuwarsa, amma tsohuwar da ke ƙauye ba ta san da wannan sashe ba. Abin da nake son gani kafin a kawo kowace irin manhaja shi ne ma'aikaci sananne a kowace ƙaramar hukuma, wanda wajibi ne ya bayyana dalilin cire sunan mutum, a rubuce da baki, cikin harshen da yake ji, kuma kada a tsayar da tallafin sai an saurari ƙorafinsa.