Sanduna huɗu na RAM sun ci min mako uku

Shekara da shekaru ina haɗa kwamfuta da lissafi a hannu, a rage nan, a haƙura da can. A wannan karon Allah ya hore min, na ce ba zan tambayi kuɗin komai ba, abin da ya fi kowanne shi zan ɗauka. Da rana ina tace bidiyo, da dare ina wasa, don haka na so inji ɗaya da zai ɗauki duka biyun ba tare da ya yi nishi ba.

Manyan kayan ba su ba ni wahala ba. Firosesa na ɗauki Ryzen 9 9950X3D mai ƙwayoyi 16. Katin hoto RTX 5090 ne, mai gigabait 32, wanda shi kaɗai kan ja wuta har wat 575, shi ya sa na saya masa akwatin wuta mai wat 1200 na tsarin ATX 3.1, wanda ya zo da wayarsa ta 12V-2x6, na tura ta har sai da na ji ta ce ƙas. Madabod kuma, wato babban allon da ake jona dukkan kayan a kai, X870E. Duk waɗannan na yi makonni ina bincike a kansu. RAM kuwa, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai, minti goma ban ɓata a kanta ba, kuma a nan ne aka yi min illa.

Tunanina a lokacin mai sauƙi ne: madabod tana da gurbi huɗu, ni kuma kuɗi bai tsaya min ba, to me zai sa in bar biyu babu komai? Na sayi fakiti biyu na RAM samfurin DDR5-6000 CL30 (6000 ɗin gudunta ne), kowanne da sanda biyu masu gigabait 32. Suna ɗaya, lamba ɗaya, launi ɗaya. Jimla gigabait 128. Da na jera su huɗu reras ta bayan gilashin akwati, wallahi sun yi kyau.

Kunnawar farko fankoki suka tashi, ƙaramar fitilar DRAM da ke gefen madabod, mai nuna halin da RAM ke ciki, ta kama, allo baƙi ƙirin. Wannan bai dame ni ba, na san DDR5 kan ɗauki lokaci tana daidaita kanta a karon farko. Bayan 'yan mintoci BIOS, wato shafin saitin madabod, ta fito. Na kunna EXPO, saitin da ke sa RAM ta yi gudun da aka rubuta a kwalinta, na adana, na jira. Fitilar nan ta sake kamawa, ta ƙi mutuwa. Inji ya kashe kansa ya tashi, ya kashe ya tashi, daga ƙarshe ya dawo da ni BIOS, na duba gudun RAM na ga 3600. Na biya kuɗin 6000, ana nuna min 3600.

Da a nan na tsaya na yi karatu, da asarata ba ta wuce ta yini ɗaya ba. Amma sai na fara taɓe-taɓe. Na gwada 5600, ya ƙi. Na sauko 5200, na ɗan ƙara wuta, sai ga Windows ta buɗe. Na yi wasa na awa biyu lafiya lau, na ce shi ke nan, na yi maganinsa. Ban yi gwajin RAM ko na minti ɗaya ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a maƙogwarona, domin na san ana yi, na sha yi wa wasu, amma ɗokin sabon inji ya rufe min ido.

Kwana biyu bayan nan ina fitar da wani dogon bidiyo na aikin wani mutum, ya kai kusan ƙarshe, manhajar ta rufe kanta ba sallama. Na sake, ya fita. Na tura masa, washegari ya kira ni ya ce akwai wurin da hoto ya farfashe na kusan daƙiƙa ɗaya, koraye-koraye. Na buɗe na gani da idona. Kunyar da na ji ba ta misaltuwa. Daga nan abin ya zama ruwan dare: yau wasa ya tsaya cak, gobe inji ya sake tashi da kansa, jibi fayil da na matse ya ƙi buɗewa.

Wa zan zarga? Katin hoto, mana, tunda shi ne mai cin wuta. Na ce lallai wat 1200 ya yi masa kaɗan idan ya yi yunƙuri, sai na je na sayo mai wat 1600. Na kwance wayoyin da na yi yini guda ina shiryawa a bayan akwati, na sake jera sababbi. Da daddare inji ya sake faɗuwa. Na goge Windows na sa sabuwa. Na cire na'urar sanyaya firosesa na sake shafa man. Duk inda kuɗi zai iya shiga na tura shi, domin a raina RAM mai tsada ba ta yin laifi.

Wani abokina da ya girme ni a harkar ne ya zo ya tarar da ni zaune a ƙasa da sukundireba. Bai taɓa komai ba, ya leƙa ta gilashi kawai ya ce, “Malam, huɗu ka sa? A nawa kake tafiyar da su?” Na ce 5200. Ya ce in sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi. Ba a yi minti goma sha biyar ba jajayen layuka suka fara sauka a allo. Sai ya buɗe shafin bayanan firosesar a wayarsa ya miƙo min. A rubuce yake ƙarara: sanda biyu, 5600, sanda huɗu, 3600. Babu wanda ya ɓoye min. Ni ne ban karanta ba. Wato 3600 ɗin da BIOS ta dawo da ni a daren farko ba matsala ba ce, injin yana faɗa min gaskiya ne, ni kuma na tilasta masa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, gurbi huɗu ba hanya huɗu ba ne. A irin wannan firosesa hanyoyin RAM biyu ne kacal, kowace hanya tana da gurbi biyu. Idan ka sa sanda biyu, kowace tana da hanyarta ita kaɗai. Idan ka sa huɗu, faɗin hanyar bai ƙaru ba, kaya ne ka ninka wa sashen da ke kula da RAM a cikin firosesa, kuma saƙon lantarki da ke gudu sau dubban miliyoyi a daƙiƙa yana lalacewa da zarar ka rataya masa sanda ta biyu a layi ɗaya. Ga shi sandunana masu gigabait 32 irin masu jeri biyu ne, kowace tamkar biyu take a wurin firosesa. Sannan na ƙara da sayen fakiti biyu daban. Lambar 6000 da ke jikin kwali alkawari ne a kan sanda biyun da aka gwada tare a cikin wannan kwalin, ba a kan huɗu ba, kuma fakiti biyu masu suna ɗaya ba dole ba ne ƙwayoyin cikinsu su zama iri ɗaya. Masu ƙera madabod suna da jerin RAM da suka gwada, QVL, har da nuna ko da sanda biyu aka gwada ko da huɗu. Ban taɓa buɗe nawa ba sai a ranar.

Na cire duka huɗun. Na sayi fakiti ɗaya mai sanda biyu, kowace gigabait 48, wanda na gani a jerin. Na sa su a guraben da ake kira A2 da B2, na kunna EXPO, ya hau 6000 a gwaji na farko. Na bar MemTest86 ya kwana yana aiki, da asuba na fito na ga babu kuskure ko ɗaya. Na daɗe tsaye gaban allon nan ina hamdala. Gigabait 96 nake da shi yanzu, kuma a aikina mafi nauyi ban taɓa cika shi ba. Wato 128 ɗin ma ba buƙata ce ta kai ni ba, gurbin da na gani babu komai ne.

Wanda da gaske aikinsa ke neman RAM mai yawa da faɗin hanya, kada ya cusa huɗu a wannan madabod yana fatan 6000. Ko dai ya yarda da ƙaramin gudu ya zauna lafiya, wanda ba aibi ba ne, ko ya koma firosesar Threadripper, inda madabod TRX50 ke da hanya huɗu, WRX90 kuma takwas. Wasu sukan yi sa'a huɗun su hau musu, ban musa ba, amma su gwada dare guda kafin su ɗora aikin mutane a kai.

Bayan wannan na zauna na karanta littafin madabod daga farko har ƙarshe, sai na gano wani abu kuma: ɗaya daga cikin guraben M.2, inda ake sa faifan ajiya na SSD, yana raba layuka da katin hoto, idan ka sa SSD a ciki katin ya sauko daga layuka 16 (x16) zuwa 8 (x8). Kuma a nan na sa nawa. Minti biyar ya ɗauke ni in mayar da shi wani gurbin.

Bidiyon mutumin nan na sake fitar masa kyauta, na ba shi haƙuri. Abin da ya fi damuna shi ne sauran fayilolin da na kwafa a cikin makonni ukun nan, domin RAM mai kuskure ba ta sanar da kai abin da ta ɓata. Har yanzu ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da na tsohon faifai. Ya zuwa daren jiya na samu uku da suka lalace, kuma ban kai rabi ba.